Muryar Iya da Kwamfutar da Ba a Kashewa

Zuwa ga jikata, Injiniya,

Rabona da in zauna in rubuta wa mutum wasiƙa tun shekarar da babban tankin ruwan unguwarmu ya fashe, ruwa ya bi layi ya kwashe rumfar mai faci, aka wayi gari ana tsintar tayoyi a bakin makaranta. Ke lokacin kina da giɓi a baki. A shekarar ne kuma aka yi wa Iya aikin maƙogwaro. To ga shi kin sa na sake ɗaukar biro. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a jikin kwalayen kayan inji na koye shi, ba a aji ba.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya duwatsun naku? Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu, ita ma ba ta fi ƙarfina ba. Iya tana cin abinci, tana barci. Gwaggonki ta dawo nan da zama tun da damina ta kama, ta ce in gaishe ki.

Kada ki ce me ya hana in kira. Ranar da kika hau tudu kika samu sabis, kina ta "danna nan, danna can", ni ina ta "me kika ce", har ya yanke, me muka ƙulla? Abin da aka rubuta ina ajiye shi a gabana in bi shi da yatsa. Direban siminti ya ce duk sanda zai kai kaya madatsar ruwanku zai biyo ta ƙofar gidanmu.

Kwamfutar babanki tana neman ba mu kunya. Ke kin taso kin gan ta a falo, amma bari in gaya miki yadda aka yi, don in na mutu kada a ce ba wanda ya sani. Da likita ya ce sai an cire wa Iya maƙoshi gaba ɗaya, ba za ta ƙara magana ba, babanki Dogo, Allah ya ji ƙansa, ya ɗauki hutu ya zaunar da ita gaban makirfo, kullum da hantsi. Ta ce "ina son ruwa", ya adana. "Sannu da zuwa." "Kaina na ciwo." "Rufe ƙofar." "A'a." "Ƙarya kake." Wannan ta ƙarshe ita ta ce a saka, ba sai na gaya miki domin wa ba. Sai ya manna ƙananan hotuna a kan maɓallan kibod, kofi, ƙofa, gado, tunda Iya ba ta karatu. Ta danna kofi, murya ta fito daga sipika. Muryarta fa, ba ta wata ba, har da ɗan gyaran muryar da take yi kafin ta ce a'a.

Watan jiya aka ɗauke wuta, batir ya yi sanyi, kwamfutar ta mutu. Na kunna ta ƙi. Na sake ta ƙi. Kwana da kwanaki Iya tana buga cokali a jikin kofi tana nuna mini abubuwa da hannu, ni kuma kin san idona. Ta nemi magani na kawo mata bargo. Ranar da kwamfutar ta ga dama ta tashi, na rantse ba za ta ƙara mutuwa a hannuna ba. Na haɗa mata batiran mota, na ja mata waya daga sola. Rayuwata a kan janareto na ƙare ta, na san halin tsohon inji: in ya tashi da ƙyar ka kashe shi, to ka kashe shi ke nan.

Filashin da kika aiko don a mayar da muryar Iya cikin sabon inji ya iso. Sabuwar kwamfuta ma na sayo, sai dai ba wadda kika rubuta lambarta ba. Na je na ɗaga waccan, roba ce zalla, kamar faranti. Mai Rediyo ya nuna mini wata da ya samo a gwanjon wani ofis, jikinta ƙarfe, sai da muka kama ta mu biyu. Ita na ɗauko.

Na bi takardarki layi-layi. Na soka filashi, na danna inda kika zana, koren layi ya yi ta tafiya har na fara murmushi. Sai ta tsaya cak, ta fito da ɗan akwati mai jar alama. Na kwafe Turancin harafi-harafi, ga shi nan a bayan takarda. Na maimaita har na gaji, amsa ɗaya take ba ni. Ki gaya mini me take nufi, kuma da Hausa.

Kakanki,
Bakanike

*

Zuwa ga Kaka, sarkin taurin kai,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Iya da Gwaggo. Wasiƙarka ta same ni lafiya, da ƙurar siminti a jikinta. Ni ƙalau nake, sai mura da ba ta rabuwa da kowa a nan. Gwiwar nan kuma ka daina yi mata gardama, ka shafa maganin da aka ba ka.

Na zo inda ka ce ka ɗaga kwamfuta ka auna nauyinta, sai da na ajiye takardar na fita waje na sha iska. Kaka, ba buhun ƙusa na aike ka saye ba!

Bari in yi maka da Hausa yadda ka ce. Manhajar da ke riƙe da muryar Iya ba ta aiki sai a tsohon tsarin da ke cikin kwamfutar Baba. Waɗanda suka ƙera ta sun rufe tuni, kuma ta ƙulle muryoyin a cikinta, ba a iya kwaso su kamar hotuna. Abin da ke cikin filashina wata manhaja ce da za ta gina ɗaki a cikin sabuwar kwamfuta. Sai mu kwafo tsohuwar ɗungurungum mu zaunar da ita a ɗakin, ta zaci har yanzu tana gidanta, ta ci gaba da magana. Amma ɗakin ba ya ginuwa sai ƙwaƙwalwar sabuwar tana da ikon raba kanta biyu. Akwatin nan mai jar alama cewa yake: ko dai an kashe wannan ikon, ko kuma babu shi sam. Wadda na rubuta maka tana da shi. Da ka bi lambar, da yanzu mun wuce nan.

Ga abin da za ka yi. Ka kashe sabuwar. Sabuwar fa. Ka kunna, tun kafin ta gama farkawa ka yi ta danna maɓallin da na zana maka a ƙasa. Wani shuɗin allo zai fito, ana ce masa bayos, shi ne kamar ƙarƙashin bonet. Ka kira Mai Kemis ya karanta maka. Ku nemi kalmar da na rubuta da manyan baƙaƙe, in kun same ta a kashe ku kunna. Kada ku taɓa komai bayan ita. Na san hannunka, in ya ga noti sai ya murɗa.

Na biyu, kuma ya fi na farkon muhimmanci. Ka karɓi wayar Gwaggo ka ajiye gaban sipika, a danna kowane maɓalli, wayar tana naɗa. Ba zai maye gurbin kwamfutar ba, don Iya ba za ta iya laluben "ina son ruwa" a cikin doguwar naɗiya ba duk sanda ƙishi ya kama ta. Amma ko me ya faru, muryar ba ta ɓace daga duniya ba. Duka fa, Kaka, kowane shafi.

Tsohuwar kuwa na yarda da kai, kada ka kashe ta tukuna. Ka samu gawayi ka rubuta a bango: yau Injiniya ta ce Bakanike ya yi gaskiya.

Ka riƙe mini hannun Iya ka ce ni ce.

Jikarka

*

Injiniya,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Mura kuma ki rufe ƙirjinki, ba a wasa da sanyin dutse.

Layin nan naki na "da ka bi lambar" na karanta shi har takardar ta yi laushi. Direba ya zo ya wuce ban ba shi amsa ba, na ce bari in huce. Wato in muryar Iya ta tafi, ni na kashe ta. To na ji.

Duk da haka na yi abin da kika ce. Tebur ɗaya ne, kibod biyu gefe da gefe. Na kunna sabuwar, na kafa wa allo ido, na yi ta dannawa da sauri yadda kika ce, sai falo ya cika da "ina son ruwa, ina son ruwa, ina son, ina son". Gwaggonki ta fito daga kicin a guje da jug. Ashe kibod ɗin Iya nake ta duka. Ita kuwa tana kan kujera kafaɗunta na girgiza, ba sauti, hawaye na zuba don dariya. Mai Kemis ya ce, "Baba, ko dai ka ba ni kujerar?" Na ce masa karatu aka kira shi ya yi, ba tuƙi ba.

Mun shiga shuɗin allon. Mun bi shi lungu-lungu. Kalmarki babu. Mai Kemis ya ce wataƙila an rubuta ta da wata siga, ya karanto mini duk abin da ke ciki har yawunsa ya ƙafe, lokaci ne, zafi ne, gudun fanka ne, amma wannan ikon babu ko alamarsa. Na koma wurin Mai Rediyo, ya ce shi bai ce in ɗauka ba, ni na rungume ta. Na zage shi na dawo.

Sai batun naɗiya. Shafi uku Dogo ya yi mata. Na farko maganar cikin gida, mun naɗa. Na biyu gaisuwa da hirar baƙi, mun naɗa, Iya da kanta ta danna. A wayar ana jin kukan fanka kamar ana niƙa a bayanta, amma dai ita ce. Da muka zo kan maɓallin nan ja da ke buɗe shafi na uku, sai ta kifa tafin hannunta a kai.

Ba wani ɓoyayyen abu ba ne a ciki, kowa a gidan nan ya taɓa ji. Maganarta ce da babanki. "Dogo, zo ka ci abinci." "Dogo, gashin nan ya isa aski." "Ka kira in ka isa." Kuma a shafin nan bai yanke tasa muryar ba, don ranar dariya ta hana su aiki. Ana jin sa yana cewa, "Iya, sake, kin yi sauri," ita tana cewa, "Kai ka cika fitina." Tun da aka kawo mana gawarsa daga kan hanya a cikin motar asibiti, ba ta ƙara taɓa jan maɓallin ba.

Na ce mata to ta fita tsakar gida, ni in danna. Ta danna "a'a". Na ce ba don ni ba, don yarinyar nan. Ta sake danna "a'a". Washegari tana wanka na lallaɓa na rage ƙarar sipika, na jingina waya. Ban kai ga dannawa ba na ji cokali ya bugi kofi a bayana. Tana tsaye a bakin ƙofa, ruwa na ɗiga daga fuskarta. Ba ta zo ta danna mini komai ba, ko zagin da na saba. Tun daga ranar, da gwaggonki kaɗai take magana. In na shigo falo sai ta naɗe hannuwa. Mutum da muryarsa a gabansa ya ƙi taɓa ta saboda kai, wannan ya fi mari ciwo.

Ke kin san a gidan nan ni ne mai riƙe abu. Ki tambaye ni ranar da aka haifi kowa, in gaya miki rigar da ungozoma ta sa. Amma muryar yaron nan ta fara kuɓuce mini. Ina tuna abin da ya ce, ba na jin yadda ya ce shi. Abin da ya kai hannuna ke nan.

Sai wani sabon abu. A cikin tsohuwar an fara wani ƙas-ƙas, yana zuwa yana ɗaukewa. Ba fanka ba ce, na san kukan fanka. Daga ƙasa yake fitowa, ta gefen hagu.

Kakanki

*

Kaka,

Ina gaishe ku duka. Ka tsorata ni. Direba ya iso ba takarda, ya ce ya same ka a ƙofar gida ka ce masa ba saƙo, ka juya. Na hau tudu cikin ruwan sama ina kiran wayar Gwaggo ba ta shiga. Ba irin tunanin da ban yi a kan Iya ba. Ashe fushi kake. Don Allah in za ka yi fushi ka rubuto shi, ko zagi ne, in dai gane kuna raye.

Ban ce kai za ka kashe muryarta ba. Haushi ya kama ni na rubuta, ban sake karantawa ba na naɗe. Ka yafe mini. Wa ya riƙe injin nan da rai duk shekarun nan in ba kai ba?

Ƙas-ƙas ɗin nan faifan ajiya ne, a cikinsa komai yake, muryoyin da manhajar duka. Ya fara gajiya. Ba a gyara shi, ba a ɗiga masa mai, kada ma ka fara.

Ga wani filashi. Tsohon zubi ne na manhajar ginin ɗaki, wanda ba ya neman wancan ikon. Yana yin aikin da ƙarfin tsiya, kamar babbar mota da kaya tana hawan tudu a giya ɗaya. Na saka maka ɗakin gwaji a ciki, da muryata ina gaishe da Iya. A ƙasan takarda na rubuta wa Mai Kemis abin da zai canza in sauti bai fito daidai ba. In gwajin ya yi kyau, sai babban aikin. Shi kuwa ba makawa, sai an kashe tsohuwar an ciro faifan kafin a kwafe shi lafiya.

In ta ƙarfen taka ta gaza, ka ba direba faifan ya kawo mini. Akwai kwamfutar da ke da ikon a nan, zan kwafe, in gina ɗakin, in gwada da kunnena kafin in aiko. Zuwa ba zan iya ba. Ba mai hutu sai an gama zuba bangon madatsa, ruwa yana bin mu a baya. Hanya ma ta zaizaye a gindin dutse, ban san yaushe wannan za ta same ka ba.

Shafi na uku kuma, kada ka ƙara lallaɓawa. Nata ne. Ni kaina ban san ko zan iya saurara ba. Abin da na riƙe na Baba shi ne ƙamshin rigarsa da yadda yake ɗaga ni sama, muryar kuwa ba ni da ita. Ina dai so in san tana nan.

Jikarka

*

Injiniya,

Mun gaishe ki. Na yafe, ke ma ki yafe. Takardarki ta daɗe a hanya, ta iso gefenta a jiƙe, amma filashin lafiya lau a cikin ledarsa.

Wannan karon ba jar alama. Taga ta buɗe a tsakiyar allo, ga tsohon tsarin can ciki ɗan mitsitsi, kamar ka leƙa ɗaki ta ramin makulli. Sai da shayina ya huce kafin ya gama tashi, amma ya tashi. Na kira kowa, har Mai Kemis ya bar shagonsa a buɗe. Na gyara zama na danna.

Yarinya, muryarki ta fito kamar ta wani ƙato da aka shaƙe. "I-i-iya, sa-sa-sannu." Tana ja, tana katsewa, tana gurnani. Gwaggonki ta ce, "Wannan ai sai ya kori baƙi." Mai Kemis ya bi duk abin da kika rubuta, ya canza wannan ya canza wancan. Ɗaya ya ba da shiru, ɗaya ya ba da tsaki kamar rediyo ba tasha, na ƙarshe ya dawo da ƙaton.

Iya ta saurara har ƙarshe. Ta nuna sabuwar, ta nuna wuyanta, ta dube ni. Na ce eh, haka taki za ta fito. Sai ta miƙa hannu kan nata kibod ta danna "rufe ƙofar". Maganar farko da ta yi mini ke nan tun ranar wanka. Na fita na rufe.

Batun ba direba faifai, a'a. Mutumin kirki ne, amma na leƙa motarsa. Takardunmu a kan dashbod suke tafiya, tare da sifana da ɓawon ayaba. Kuma ba zan kashe injin da ke magana saboda wanda ke gurnani ba. Muddin tana iya neman ruwa da muryarta, ba mai taɓa wayar wutar nan. Ke ce ma kika ce in rubuta a bango. Ki gama aikinki ki zo, za mu jira.

Kakanki

*

Kaka,

Gaisuwa a taƙaice, direba yana ɗumama mota.

Faifan ba zai jira ni ba. Na ce kada ka kashe, gaskiya ne, amma wancan kafin ƙas-ƙas ne. Da can tsoronmu kada ta ƙi tashi. Yanzu juyawar ce ke cin faifan, duk yinin da ya yi a kunne yana goge wani abu daga cikinsa, kuma ba mu ke zaɓar abin da zai goge ba. In aka kashe shi yanzu ina da kyakkyawan zaton zan ceto abin da ke ciki. In ya tsaya da kansa, ban yi maka alkawarin komai ba.

Na san me kake tsoro. Na san kwanakin cokali da kofi. Amma ba ni ce zan yanke ba, ba kuma kai ba ne. Ka karanta wa Iya wannan takardar yadda take, kada ka rage, kada ka ƙara gishiri. Ta zaɓa: shirun ɗan lokaci da yardarta, ko wanda zai shigo ba sallama.

Ka amsa ko da layi ɗaya ne.

Jikarka

*

Jikata,

Ina gaishe ki. Jikinmu lafiya, kada gabanki ya faɗi. Sauran kuma ga shi.

Ban karanta mata ba. Na ninke takardarki na sa a aljihu, na ce sai na ga ranar da take cikin walwala. Ranar ba ta zo ba, ko kuma ni ne ban neme ta ba.

Jiya da hantsi gwaggonki ta dawo daga kasuwa, Iya ta danna mata sannu da zuwa. Sipika ta ce "sannu da", ta tsaya. Muka jira sauran. Allon yana nan da haskensa, fanka na juyawa, amma ƙas-ƙas ɗin ya daina ɗaukewa, ya zama kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa ba a buɗewa. Na duba batir, cike yake. Na duba wayar sipika, tana ciki. Na san ba nan matsalar take ba, hannuna ne dai ya rasa abin yi.

Iya ta danna kofi. Shiru. Ta danna ƙofa. Ta danna gado. Ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai zagaya ɗakuna tana neman yaro. Sai na ga yatsanta ya tafi kan jan maɓallin. Ta danna. Ta sake. Ta yi ta dannawa da ƙarfi har kibod yana tsalle a kan tebur, sai da na riƙe hannunta. Gwaggonki ta saki kayan cefane a ƙasa ta shige kicin.

Nan na ciro takardarki na karanta mata, ban rage ko harafi ba. Na kuma gaya mata tun yaushe take aljihuna. Ta daɗe tana kallona. Na ce in za ta mare ni ga fuskar. Ba ta mare ni ba. Ta sunkuya ta laluba bayan tebur, ta kamo wayar wutar tsohuwar, ta ɗora mini a tafin hannu ta rufe yatsuna a kai.

Ni na zare. Ban san fankar nan tana cika gidan haka ba sai da ta tsaya. Har agogon ɗakin gwaggonki ake ji daga falo.

Da yamma na yanko kwali, Mai Kemis ya ba ni babban alƙalamin nan maka, na zana mata kofi da ƙofa da gado da kwalbar magani, manya-manya yadda ko ni zan gani. Ta dubi kofin da na zana, ta kifar da kwalin, ta sake juyo shi ta ajiye a cinyarta. Sannan ta kama rigata ta motsa baki. Ban gane ba. Ta sake. Na kira gwaggonki, ita ta fi ni ido. Ta duba, ta ce, "Baba, cewa take ka dawo mata da shi."

Kin ce ba ki yi alkawari ba. Na ji, ba zan riƙe ki da komai ba. In abin da ya saura rabi ne, rabin muke so. In ya zama sai an zaɓi abin da za a fara cetowa, kin san shafin da za ki fara nema.

Direba zai tashi yau da la'asar da wannan takarda. Faifan ba zai bi shi ba, girgizar motarsa ko mai lafiya sai ta kwance masa ƙashi. Tun da aka yi wa Iya aiki ban taɓa kwana a wani wuri ban da gidan nan ba, amma gwaggonki ta ce in tafi, ita ta iya karanta bakin uwarta.

Gobe da safe, in Iya ta sha maganinta, zan kwance murfin, in ciro faifan da hannuna, in naɗe shi a tawul in sa cikin rigata ta ƙirji. Zan hau bas zuwa inda hanya ta zaizaye, sauran in taka a hankali. Ki gaya wa masu gadin ƙofarku wani tsoho zai zo yana dafe da ƙirji, ba ciwo ba ne, kuma ba zai miƙa wa kowa abin da ya ɗauko ba sai ke.

Kakanki,
Bakanike